Fashin Baƙi: Me Hannun Mai Tausa Yake Yi wa Wuyan da Ya Daɗe Yana Ciwo?

Duk wanda ciwon wuya ya zauna masa ya san wannan hali. Da safe ya tashi wuya ya sage, kafin yamma kafaɗu sun yi nauyi kamar an aza musu dutse, in zai waiga sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Wata rana sai ya je wajen likitan gashin ƙashi ko mai tausa, a danna nan a murza can, ya fito wasai kamar an sauke masa kaya. Kwana biyu ko uku, ciwo ya koma mazauninsa. A nan ne mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce ai tausar nan ɓata lokaci ce, su daina zuwa. Wasu kuma su riƙe ta a matsayin maganinsu ɗaya tilo, su yi ta zarya duk mako har shekaru su shuɗe. Kowane ɓangare ya ga wani abu na gaskiya, sai dai dukansu ba su tambayi abin da ya kamata a fara tambaya ba: me hannun nan yake yi wa wuyan har ake jin sauƙi, kuma me ya sa sauƙin ba ya daɗewa?

Matsalar ba ta mutum ɗaya ba ce. Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 kimanin mutum miliyan 203 ne ke fama da ciwon wuya. Likitoci kan kira ciwo da sunan "mai daɗewa" idan ya haura wata 3, kuma wannan iyaka tana da muhimmanci, zan dawo kanta.

Bari mu fara da wuyan kansa. Ƙasusuwa 7 ne a jere, kowanne bisa ɗan'uwansa, tsakanin mafi yawansu akwai faifai mai laushi da ƙananan gaɓoɓi biyu ta baya. A kansu ne aka ɗora kai, wanda nauyinsa a jikin babba ya kai kilo 4 da rabi zuwa 5. Tsokokin da ke riƙe da wannan kaya hawa biyu ne. Akwai na waje, manya, waɗanda hannu ke iya kamawa: wadda ta shimfiɗu daga ƙeya zuwa kafaɗa da tsakiyar baya, da ake kira tirafiziyas, da wadda ke ɗaga allon kafaɗa, da igiyoyin nan biyu da suka sauko daga bayan kunne zuwa ƙirji. Akwai kuma na ciki, ƙanana, manne da ƙasusuwan ta gaba, a bayan maƙogwaro, inda yatsa ba ya kaiwa cikin sauƙi. Aikin na cikin shi ne su daidaita ƙasusuwan su riƙe su tsawon yini ba tare da an ji su ba. Binciken da aka daɗe ana yi a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, ƙarƙashin Farfesa Gwendolen Jull da abokan aikinta, ya nuna cewa a jikin masu ciwon wuya mai daɗewa waɗannan ƙananan tsokoki kan yi rauni, kuma kan makara wajen kama aiki. Idan suka ja baya, na wajen ne ke karɓar nauyin. Su kuwa an yi su ne don motsi mai ƙarfi na ɗan lokaci, ba don tsayuwar gadi ta awa goma ba. Shi ya sa suke tauri, suke tsami, shi ya sa kuma su ne mai ciwo ke nunawa da yatsa.

Ana yawan ɗora wa waya laifi, kuma akwai lissafin da ya yi suna a kan haka. A 2014 wani likitan tiyatar ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa cewa sunkuyar da kai digiri 15 na sa wuya ya ɗauki nauyin da ya kai kilo 12, digiri 60 kuwa kusan kilo 27. Lissafi ne na kwamfuta, ba a jikin mutane aka auna ba, kuma da aka bi mutane aka duba, alaƙar yadda mutum ke zama da ciwon da yake ji ba ta yi ƙarfin da ake zato ba. Wuya na iya sunkuyo, an halicce shi don haka. Abin da ba ya so shi ne a daskarar da shi a wuri ɗaya na sa'o'i, ko a gaban kwamfuta ne, ko a bayan sitiyari, ko a kan keken ɗinki. A haɗa da rashin barci da damuwa, waɗanda ke sa mutum ɗage kafaɗu da cije haƙora ba tare da ya sani ba, sai a ga cewa ruwa ba ya tsami banza.

To, ga batun wata ukun nan. Tsokar da ta ji rauni kan warke cikin makonni. Idan ciwo ya wuce haka, sau da yawa abin da ya canja ya haɗa da jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Sai su zama kamar karen gadin da ɓarawo ya taɓa firgitawa: yanzu ko ganye ya motsa sai ya yi haushi. Taɓawar da a da ba ta komai sai ta zama zafi, juyin da ba shi da haɗari sai jiki ya ɗauke shi barazana ya ƙara ɗaure tsoka. Ciwon na gaske ne ɗari bisa ɗari, kada wani ya ce wa mai shi tunani ne kawai. Amma girmansa ya daina zama ma'aunin ɓarnar da ke cikin naman. Hoton asibiti ma kan rikita mutane a nan. A wani bincike da aka yi a Japan aka buga a 2015, an ɗauki hoton MRI na wuyan mutum 1,211 da ba su da ciwon komai, aka samu kusan kashi 88 cikin 100 suna da faifan da ya ɗan turo. Ke nan ganin haka a hoton mai ciwo ba ya tabbatar da cewa nan ne tushen ciwonsa.

Maganin hannu kuwa ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a baki duk "tausa" ake cewa. Akwai tausa ta ainihi, wato murza tsoka da mulmula ta da ja mata tsawo. Akwai danna ƙullutu, inda mai aikin ke neman wurin nan mai tauri a cikin tsoka wanda in an taɓa zafinsa kan harba zuwa ƙeya ko bayan ido, ya danne shi na wasu daƙiƙoƙi har ya saki. Wadda ta fi kowa yayata wannan fanni ita ce Dakta Janet Travell, likitar shugaban Amurka John F. Kennedy, wadda ita da David Simons suka zana taswirar irin waɗannan wurare a 1983. Akwai kaɗa gaɓa a hankali, inda ake tura ƙashi ɗaya kaɗan-kaɗan ana saki ana maimaitawa, cikin iyakar da mai ciwo zai iya cewa a tsaya, hanyar da Geoffrey Maitland na Ostireliya ya tsara ta mataki-mataki. Sai ta ƙarshe, fizga, wato juyi ɗaya gajere mai sauri wanda yawanci ke zuwa da ƙarar nan ta ƙas. Wannan ta fi shahara a fannoni biyu na magani da hannu, wato a hannun masu kairofuraktik, fannin da D. D. Palmer ya kafa a Amurka a 1895, da masu ostiyofati da Andrew Taylor Still ya assasa a 1874, kodayake wasu likitocin gashin ƙashi ma suna yin ta.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayanin da ake yi wa mai ciwo yayin da yake kwance. Sau da yawa akan ce masa ƙashinsa ya goce an mayar, ko ƙullutu ne an fasa, ko tsoka ce ta manne an ɓanɓare. Wannan magana na damuna ƙwarai, domin ba ta dace da abin da aka auna ba, kuma tana da illa. Ƙashin wuya in ya goce da gaske, batun motar asibiti ne da ɗakin tiyata, ba na gadon tausa ba. Da aka gwada matsayin ƙasusuwa kafin fizga da bayanta, ba a ga sun koma wani sabon mazauni mai ɗorewa ba. Ƙarar da ake ji kuma daga ruwan cikin gaɓa take. Idan aka raba fuskokin gaɓa da sauri, matsin ruwan kan faɗi, kumfar iska ta buɗe a ciki. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun ɗauki hoton haka yana faruwa a gaɓar yatsa a 2015. Shi ya sa in ka ja yatsa ya yi ƙas sai ka jira kamar minti 20 kafin ya sake yin ƙara, alhali ba abin da ya goce. Fatar nan mai ƙarfi da ta lulluɓe tsoka ita ma ba ta miƙuwa da ƙarfin babban yatsa cikin 'yan mintuna. Ƙullutun kansa har gobe masana na jayayya kan ainihin mene ne shi, kuma masu dubawa biyu ba koyaushe suke dacewa kan wuri ɗaya a jikin mutum ɗaya ba. Illar kuwa ita ce, wanda aka gaya wa ƙashinsa na gocewa zai riƙa ganin wuyansa kamar ƙwai, ya ji tsoron juya shi, ya zauna jiran wanda zai mayar masa. Tsoron motsi kuma na daga cikin manyan abubuwan da ke tsawaita ciwo.

Duk da haka sauƙin da ake ji bayan aikin hannu ba ƙarya ba ne. Daga wata hanya yake zuwa. Tun a 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa a cikin laka akwai wani abu kamar ƙofa: saƙon taɓawa da matsi, wanda ke bin manyan jijiyoyi masu sauri, na iya rage saƙon ciwo kafin ya haura ƙwaƙwalwa. Kowa na amfani da wannan ba tare da ya sani ba, in ya buge gwiwar hannu sai ya kai ɗaya hannun yana murzawa. Bayan haka an gano cewa ƙwaƙwalwa ita ma tana da nata hanyoyin aiko da saƙo ƙasa don dusashe ciwo, kuma matsi da kaɗa gaɓa na iya tayar da su. Tsokar da ta ɗaure don kariya sai ta ɗan saki, wuya ya ƙara juyuwa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: mutum ya samu wanda ya saurare shi, ya duba shi da kyau, ya sa hannu daidai inda ke masa zafi ya ce masa babu abin tsoro. Wannan kaɗai na kwantar da karen gadin nan. Wasu na raina wannan ɓangare, ni ban raina shi ba, domin shi ma ta cikin jijiyoyi yake aiki. Sai dai duk waɗannan canje-canje na sa'o'i ne ko kwanaki. Hannun da ya sa tsokar waje ta saki bai ƙara wa ta ciki ƙarfi ko kaɗan ba. In mutum ya koma kan kujerarsa da barcinsa da damuwarsa yadda suke, na wajen za su sake karɓar gadi, ciwo ya dawo.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane sun tafi a kan wannan layi. A Amurka, a 2014, Karen Sherman da abokan aikinta sun raba mutum 228 masu ciwon wuya mai daɗewa rukuni-rukuni, suka ba su tausa na mako 4. Waɗanda aka yi wa ta minti 60 sau biyu ko uku a mako sun samu sauƙi a fili, amma masu minti 30 ba su bambanta sosai da waɗanda ke jiran layi, da ba a yi musu tausar ba tukuna, ba. Darasin shi ne tausa ma tana da awo kamar ƙwaya, kuma shafa ta minti goma jefi-jefi da wuya ta taɓuka wani abu ga ciwon da ya yi shekara. A 2002 Jull ta gwada mutum 200 masu ciwon kai da ke tasowa daga wuya. Wasu aka yi musu aikin hannu, wasu aka koya musu motsa ƙananan tsokokin ciki, wasu aka haɗa musu biyun, na mako 6. Bayan shekara guda duka hanyoyin biyu sun rage ciwon kan da na wuyan, kuma waɗanda aka haɗa wa sun ɗan fi yawan samun sauƙi, ko da yake tazarar ba ta da girma. Ta fuskar motsa jiki zalla, a Finlan a 2003 Jari Ylinen ya bi mata ma'aikatan ofis 180 na tsawon shekara, aka ga waɗanda suka yi atisayen ƙarfafa wuya ciwonsu ya ragu ƙwarai fiye da waɗanda aka ba shawarar miƙe jiki da motsa jiki na yau da kullum kawai. Wanda ya fi burge ni shi ne na Denmak a 2011, inda Lars Andersen ya sa ma'aikata 198 cikin gwaji, wasu suna jan roba da hannuwa zuwa gefe na minti 2 kacal a rana, kwana 5 a mako, har mako 10. Minti biyun nan ya rage musu ciwon wuya da kafaɗa, kusan daidai da waɗanda suka yi minti 12. Idan aka tara binciken wuri ɗaya, abin da ke fitowa shi ne aikin hannu na taimakawa, matsakaicin taimako, galibi na gajeren zango, kuma ya fi amfani in an haɗa shi da atisaye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai batun haɗari, wanda dole a faɗe shi yadda yake, ba ƙari ba ragi. Tausa da kaɗa gaɓa a hankali ba su cika jawo abin da ya wuce tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba, kuma mutane da yawa kan ji hakan. Fizgar wuya ce ke da magana. Akwai jijiyoyin jini biyu da ke ratsa ramukan gefen ƙasusuwan wuya su haura su shayar da bayan ƙwaƙwalwa, kuma suna yin lanƙwasa mai tsanani a daidai ƙashi na farko da na biyu, inda kusan rabin juyin wuya ke faruwa. Bangon cikin jijiyar na iya tsagewa, jini ya daskare, ya haifar da shanyewar ɓarin jiki, har ga matashi. Abin ba ya yawan faruwa ko kaɗan, kuma ana muhawara kan ko fizgar ce ke jawo shi. Wani babban bincike a lardin Ontariyo na Kanada, wanda aka buga a 2008, ya duba mutum 818 da suka samu irin wannan shanyewa, ya ga cewa alaƙarta da zuwa wajen mai fizga ta yi daidai da alaƙarta da zuwa wajen likitan yau da kullum. Fassarar da aka yi ita ce, tsagewar kan fara ne da ciwon wuya da ciwon kai, sai mutum ya tafi neman magani jijiyar ta riga ta tsage. Amma ko da haka ne, fizgar wuyan da jijiyarsa ta riga ta tsage ba abin wasa ba ne. A 2014 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa sanar da mutum wannan alaƙa kafin a fizge masa wuya. Nawa ra'ayin a fili yake: tun da bitar da cibiyar Cochrane mai tattara binciken lafiya ta yi a 2015 ta nuna fizga da kaɗawa a hankali sakamakonsu kusan ɗaya ne, ban ga dalilin da mai ciwon tsoka zai ɗauki ko da ƙaramin haɗari don ƙarar ƙas ba. In ma ana son fizgar, akwai shaidar cewa yin ta a ƙashin baya na sama, tsakanin allunan kafaɗa, na rage ciwon wuya, kuma can nesa yake da waɗannan jijiyoyi.

Akwai kuma waɗanda likita ya kamata ya fara gani kafin kowane hannu ya taɓa su. Wanda ciwonsa ya biyo bayan haɗarin mota ko faɗuwa. Wanda ke zazzaɓi wuya ya sanƙare, domin sanƙarau ba ya jira. Wanda ya taɓa yin ciwon daji, ko yake ramewa ba dalili, ko ciwon ke hana shi barci ko ta yaya ya kwanta. Haka wanda hannuwansa suka fara kasa sa maɓalli ko riƙe biro, ko ƙafafu suka fara harɗewa, domin wannan alamar an matse laka ce. Sabon ciwon kai mai tsanani irin wanda ba a taɓa ji ba, da jiri, da gani biyu-biyu, da karyewar harshe, da wahalar haɗiya, duk na gaggawa ne. Masu amosanin gaɓɓai mai kumburi, da masu zaizayewar ƙashi, da masu shan maganin tsinka jini, dole su faɗa tun kafin su hau gado. Ta nan ma ake gane gwani: yana yin tambayoyi da yawa kafin ya naɗe hannun riga.

Wanda ya tsira daga duk waɗannan, yaya zai ci moriyar aikin hannu? Ya ɗauki kwanakin nan biyu ko uku na sauƙi a matsayin lokacin aiki. A cikinsu ne wuya ke yarda ya juya inda a da yake ƙi, a cikinsu ne atisayen da zafi ke hanawa ke yiwuwa. Na tsokokin ciki ba shi da wani armashi a ido: mutum ya kwanta rigingine, ya gyaɗa kai kaɗan kamar mai cewa "to" a hankali, haɓa ta ɗan nufi maƙogwaro ba tare da ƙeya ta bar shimfiɗa ba, ya riƙe daƙiƙa 10, ya saki, sau 10. In ya sa yatsa a igiyoyin nan na gefen wuya ya ji sun yi tauri, ya yi da ƙarfi fiye da kima, sai ya rage. A kan wannan ake ɗora jan roba don kafaɗu da tsakiyar baya, ana ƙara nauyi sannu a hankali, da tashi daga zama duk bayan rabin awa ko makamancin haka. Ɗan zafi yayin atisaye ba laifi ba ne matuƙar ya lafa kafin washegari.

Game da danna ƙullutu, kada a yarda da cewa sai an ji azaba ake warkewa. Matsin da ya sa mutum riƙe numfashi da ɗaure jiki ya wuce iyaka, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ya yi magana a rage. Ya kuma shiga da ma'auni tun ranar farko, abin da zai iya dubawa da kansa: minti nawa yake iya zama a gaban aiki kafin zafi ya taso, ko yana iya waiga baya in yana tuƙi, sau nawa ciwo ke tashinsa da dare. Bayan zuwa huɗu zuwa shida ya sake aunawa. In abubuwan nan sun motsa, a ci gaba ana rage yawan zuwa ana ƙara atisaye. In ba su motsa ba, ko kuma sauƙin kullum iyakarsa kwana biyu kuma ba a koya masa komai da zai yi a gida ba, lokaci ya yi da zai nemi a sake duba shi daga tushe, har da barcinsa da yanayin aikinsa da abin da ke damun ransa.